Zanar Baba

Ku yi mini afuwa, babin da kuke jira bai samu ba wannan makon. Laifin 'yata ce ta fari, wadda ke aji biyu na babbar sakandare a nan Kakuri.

Ta dawo gida fuska a murtuke, wai malaminsu ya ce kowa ya kawo aikin kimiyya na gani da ido a kan firaktal, ya nuna amfaninsa. Na ce fira me? Ni da lissafi ko a zamaninmu ba ma ga maciji. Ta tsinko ganyen zogalen tsakar gida ta ce, "Umma, duba. Babban reshe ya rabu, kowane ƙarami ya sake rabuwa irin ta babban." Ashe shi ke nan: siffar da ƙaraminta ke kama da babbanta. Haka hanyoyin iska suke a huhu, haka rafuka ke taruwa su zama Kogin Kaduna. Wani masanin lissafi, Benoit Mandelbrot, shi ya raɗa sunan a 1975.

Matsalar ita ce kuɗi. Ƙawayenta masu kwamfuta a gida za su buga zane masu launi, wani yaro kuma zai lanƙwasa waya ya yi eriya, don an daɗe ana ƙera ƙananan eriya da irin wannan siffa. Mu kuwa, wanda ya san kasuwar littafi a yau ya san abin da ke jakata.

Muna lalube a wayata da dare muka ci karo da Ron Eglash, Ba'amurken da ya fitar da littafin African Fractals a 1999. A kusa da Bamako ya tambayi wani mai saƙar shinge dalilin da saƙarsa ke ƙara matsewa in ta yi sama. Mutumin ya bayyana masa cewa sakakkiyar saƙa ba ta cin kara da lokaci, amma iska da ƙura na ratsa ta. Matsattsiya na tarewa, sai dai tana da ci. Iska kuwa ta fi ƙarfi a sama, don haka can ake matsewa.

Na ajiye wayar jikina a sanyaye. Tun da masaƙar da mahaifina ke aiki ta rufe, ya koma saƙar zana, sana'ar da ya baro a ƙauye. Ina budurwa lokacin, kuma Allah Ya yafe mini, in ƙawayena sun tambaya sai in ce ai ritaya ya yi. Littafi nawa na rubuta, uban jaruma kullum Alhaji ne mai gidan bene, ko sau ɗaya ban sa masaƙin zana ba.

Ranar Asabar muka je Makera. Ya saurari jikarsa har ta gama, ya yi dariya ya ce, "Amarya, yanzu sai da Bature ya faɗa?" Ya ce shi ba haka yake tasa ba, bai-ɗaya yake yi, amma ya gane nufin mutumin Mali. Ya aika aka sayo gamba, ya saƙa ƙanana biyu da ciyawa daidai wa daida: ɗaya bai-ɗaya, ɗaya kowane layi ya fi na ƙasansa matsewa. Hannunsa na rawa yanzu, sai da ya kwana uku.

Ita kuma ta kafa farin ƙyalle a bayan kowace, ta ɗora fanka a kan tebur, tana barbaɗa toka a gabanta cokali biyar-biyar. Gwajin farko tokar ta ƙare a tukunyar miyata. A na uku ƙyallen bayan ta biyun ya fi fita fari daga sama, amma ƙasansa ya ɗan fi datti, kuma ta ce haka za ta rubuta, ba ƙari.

A takardar akwai wurin sunan wanda ya taimaka da sana'arsa. Ta ɗago ta tambaye ni me za ta sa wa Kaka.

Na ce, "Rubuta masaƙin zana."