Tsakanin Akawu da Akanta: Abin da Ya Kamata Mu Gaya wa Ɗalibin da Ke Hangen Ofishin Albashi

Kalmar akawu ta riga kalmar akanta zama a bakin Bahaushe, kuma har yanzu tsofaffi da yawa ba su cika bambanta su ba. Manazarta da dama na ganin daga Yarbanci aka aro ta, abin da ya dace da tarihin mutanen da suka fara riƙe littattafan kantunan Turawa da ofisoshin gwamnati a Arewa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ma'aji da malaman baitulmali na En'e, waɗanda suka riƙe kuɗin haraji da jangali tun da aka kafa baitulmalin masarautu wajajen 1911, aka shiga biyan sarki da hakimai da alƙalai albashi daga cikinsa. Wato aikin tsara albashi ya haura shekara ɗari a ƙasar Hausa. Duk da haka, idan ɗalibi ya shigo ofishin malaminsa a sashen Hausa ya ce yana tunanin bin wannan layi bayan ya gama, galibi abin da yake fita da shi addu'a ce da fatan alheri. Addu'a kam ba a raina ta, sai dai ba za ta gaya masa jarrabawar da zai zauna ba.

Na yi shekara huɗu a ofishin albashin wata makaranta mai zaman kanta kafin in koma jami'a neman digiri na biyu a nazarin Hausa. Saboda haka ne ƙannenmu ɗalibai kan tare ni da tambaya, kuma saboda haka ne nake ganin ya dace in rubuta amsar a inda malamanmu za su gani, domin su ne ɗalibai suka fi zuwa wurinsu.

Abu na farko da ɗalibi ke buƙatar ji shi ne yadda aikin yake, domin hoton da ke cikin kansa na mutum ne zaune gaban dami-damin kuɗi. Mai tsara albashi a yau yakan yi shekara bai taɓa takardar naira ta ofis ba. Aikinsa yana farawa ne daga jerin sunayen ma'aikata: wa aka ɗauka a wannan wata, wa ya bari, wa aka yi wa ƙarin girma har yake bin ariyas, wa ya rasu. Daga nan sai lissafin abin da doka ta ce a cire. Dokar fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta tanadi a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara aƙalla kashi 10, ana lissafawa a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. Idan waɗannan uku sun taru sun kai naira 100,000, to naira 8,000 za ta fita daga hannun ma'aikaci, mai wurin ya ɗora 10,000, a aika da 18,000 asusun fanshonsa cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Harajin albashi kuwa ana miƙa shi ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da ma'aikaci yake zaune, kafin ranar 10 ga wata mai bi ta wuce, sannan kowace shekara a kai mata cikakken bayanin abin da aka cire kafin ƙarshen Janairu. Akwai kuma kashi biyu da rabi na asusun gidaje na ƙasa ga waɗanda abin ya shafa, da kuɗin ƙungiyar ƙwadago, da bashin adashin gata na ma'aikata wanda ake cirewa kai-tsaye. Kowane ɗaya da ranarsa da ofishin da za a kai shi, wasu ma da tara idan aka makara.

Babu lissafi mai zurfi a cikin wannan. Tarawa ce da ɗebewa da fitar da kaso. Abin da ke da wuya shi ne yin sa ga mutum ɗari uku, kowane wata, ba tare da sifiri ɗaya ya zame ba, alhali wayarka na ta ƙara saboda Sallah ta ƙarato kuma kowa na son ya ji ko an tura. Ɗalibin da ya ce mini yana tsoron lissafi nakan tambaye shi ko yana iya zama awa uku yana tantance rubutun wata tsohuwar waƙa da aka juyo daga ajami, baiti bayan baiti, har ya gano inda mai kwafi ya tsallake layi. In yana iyawa, to yana da halin da aikin yake nema. (Tsoron lissafin nan ma baƙo ne a wurinmu. Ƙasar da malamanta suka ƙware a rabon gado, wadda ta haifi Muhammad al-Kashinawi, masanin hisabin da ya rasu a Alƙahira a 1741, wadda fatakenta ke ƙirga wuri dubu ashirin su ɗaure keso guda, bai kamata 'ya'yanta su riƙa gudun kaso cikin ɗari ba.)

Hanyoyin shiga ba su da yawa, kuma a bayyane suke. Ɗan sakandare da ke son digiri ko babbar difloma a fannin akanta yana buƙatar kiredit a Turanci da lissafi da tattalin arziki. Wanda kuwa ya riga ya yi nisa a wani fanni, kamar ɗalibanmu, ƙofa ba ta rufe masa ba. Cibiyar ICAN, wadda dokar 1965 ta kafa, kuma marigayi Akintola Williams ya fara shugabanta, tana karɓar mai digiri daga kowane fanni, sai dai zai faro jarrabawarta daga matakin farko cikin matakai uku, ba tare da rangwamen darussan da ake yi wa wanda ya karanta akanta ba. Ƙarƙashinta akwai shirin ATSWA na ƙananan ma'aikatan lissafi na Afirka ta Yamma, wanda ake iya shiga da takardar sakandare kawai, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da wanda burinsa ofishin albashi ne, domin yana iya yin sa yana tsakiyar karatun jami'a. Ƙungiyar ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta kuma sami amincewar doka a 1993, tsarinta daban ne: tana da kwalejinta kusa da Jos, inda ake zama a yi karatu, kuma an fi gina ta domin waɗanda suka riga suka karanta fannin. Mai sha'awar haraji zalla yana da CITN. Duk waɗannan suna cin kuɗi da lokaci, kuma faɗuwa a jarrabawarsu ba abin mamaki ba ne. Gara ɗalibi ya san haka tun da wuri, ya shirya wa iyayensa zance.

Takardar shaida kaɗai ba ta isa ba. Wanda bai iya Excel sosai ba, ko da kuwa ya haddace dokokin haraji, zai sha wahala a makon farko. Aikin kwafe sunaye da adadi, wanda shi ne abincin akawun da, kwamfuta ta riga ta cinye shi, abin da ya rage wa mutum shi ne gano inda ta karɓi bayanin ƙarya ta fitar da sakamako mai kama da gaskiya.

Akwai ɓangaren da ba a rubuta shi a takardun talla na waɗannan cibiyoyi, kuma shi ne na fi son malami ya tsaya a kansa idan ɗalibi ya zo. Mai tsara albashi yana zaune ne tsakanin mai kuɗi da mai haƙƙi, kuma mai kuɗin ne ke biyan sa. A inda na yi aiki, akwai zangon karatu da kuɗin makaranta bai shigo yadda aka zata ba, sai aka umarce mu da mu cire kason fansho daga albashin malamai kamar kullum, amma a dakata da aikawa har sai abubuwa sun daidaita. A takardar albashi komai daidai yake, malami zai ga an cire masa, ya ɗauka kuɗinsa na can yana taruwa. Ni da shugaban ofishinmu muka rubuta wa mai makarantar takarda, muka ambaci kwana bakwai da doka ta gindaya da tarar da ke biyo baya, muka ajiye kwafi. An biya bayan wata biyar, kuma a tsawon watannin nan gaisuwa ma da ƙyar ake amsa mana. Ba wanda ya ce mu saci kwabo. Abin da aka nema a wurinmu shiru ne kawai, kuma irin wannan buƙata ta fi yawa a aikin fiye da tayin cin hanci. Ɗalibin da ba zai iya rubuta wa maigidansa irin wannan takarda ba, cikin ladabi amma da sa hannunsa a ƙasa, zai fi samun kwanciyar hankali a wata sana'ar.

A aikin gwamnati kuwa sunan matsalar ma'aikatan bogi, kuma ba sai na yi wa malaman jami'a dogon bayani a kan maganin da aka kawo mata ba. An fara tsarin IPPIS a 2007 domin a tattara biyan ma'aikatan tarayya wuri guda ƙarƙashin ofishin Akanta Janar. Da aka zo tura jami'o'i cikinsa, ASUU ta ƙi, ta gabatar da nata tsarin mai suna UTAS, batun ya shiga cikin dalilan yajin aikin 2020 da na wata takwas a 2022, har majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin a Disambar 2023. Abin da nake so ɗalibi ya lura da shi a wannan rikici shi ne cewa jayayyar ta shafi tambayoyin da ƙaramin ma'aikacin albashi ke fama da su kullum: yaya za a biya malamin da ya tafi hutun bincike a wata jami'a, ko mai koyarwa na wucin gadi, idan na'urar an gina ta ne bisa tunanin cewa kowane ma'aikaci wuri guda yake da albashi guda? Duk wanda ya taɓa bin sawun albashinsa da ya maƙale ya san darajar samun mutum a wancan tebur wanda ya fahimci tsarin kuma yake amsa tambaya.

To me ɗalibin Hausa zai kai wannan ofis wanda ɗan sashen akanta bai da shi? Takardar albashi da Turanci ake buga ta, cike da taƙaitattun haruffa, alhali maigadi da direba da mai shara da mai dafa abinci da Hausa suke tunani. Idan suka ga adadin ya ragu, kalmar da ke fitowa ita ce an zaftare, ko an yanke, kuma dukansu suna ɗauke da zargi. Na ga yadda fuskar dattijo kan sauya idan aka ce masa: "Baba, wannan dubu huɗun ajiya ce aka yi muku, tana can da sunanku, ga lambar asusun, wannan kuwa haraji ne, gwamnatin jiha ta karɓa." Bambancin ajiya da haraji da biyan bashi a bayyane yake a Hausa, amma sai an sami wanda ya san abin da kowane layi yake nufi kuma ya san kalmar da ta dace da shi.

A nan kuma akwai aikin da ke jiran mu manazarta. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da ya fito a 1990 ya share wa nazarin harshe da adabi hanya, kuma da kalmominsa muke rubuta kundayenmu. Mai koyon lissafin kuɗi da Hausa kuwa yakan yi tuntuɓe tun a darasin farko. Tsarin shigar da kowace hada-hada sau biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494 a Italiya, ya dogara ne a kan ginshiƙai biyu na leja, hagu da dama. Mukan fassara su da shiga da fita, amma fassarar tana rushewa da zarar an bar asusun tsabar kuɗi: idan kamfani ya ci bashi, kuɗi sun shigo, amma a asusun bashin ana rubuta su ne a ginshiƙin da muka kira fita. Kalmar bashi kanta ta haɗe wanda kake bi da wanda ake bin ka, aikatau ne ke raba su, alhali a takardar ma'aunin dukiya ɗaya kadara ce ɗaya nauyi. Sai kuma riba ta ciniki da riba ta kuɗin ruwa, waɗanda kunne ke bambantawa ta karin sauti da tsawon wasali, amma ƙa'idar rubutunmu ta mayar da su kalma guda a takarda. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu irinsa suka biyo baya, wannan bambanci ya zama abin da ake rubuta yarjejeniya a kansa. Ɗalibin da ya haɗa digirin Hausa da shaidar ATSWA yana da batun kundin digiri na biyu a hannunsa, kuma zai rubuta shi da sanin ciki.

Lokacin ma ya dace. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024, kuma kowane irin wannan sauyi yana nufin sake gina jadawalin matakan albashi daga tushe. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun ɗauke haraji daga naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar mutum na shekara, suka kuma sauya yadda ake lissafa rangwame. Dubban ƙananan makarantu da asibitoci da kamfanoni a Kano da Kaduna da Sakkwato za su buƙaci wanda zai daidaita musu lissafi, ya kuma yi wa ma'aikatansu bayani.

Idan ɗalibi ya nace yana so, kafin ya biya kuɗin rajistar kowace cibiya nakan ba shi aiki guda. Ya roƙi wani ɗan'uwansa ma'aikaci ya ara masa takardar albashinsa ta wata biyu a jere, ya zauna da biro da takarda ya sake fitar da kowane adadi da kansa, ya gano dalilin duk wani bambanci tsakanin watannin, sannan ya yi wa mai takardar bayani da Hausa har ya gamsu. Cikin waɗanda na ba wannan aiki, wasu ba su sake tayar da zancen ba. Wata ɗaliba kuwa ta dawo bayan mako guda ta ce ta gano ana ci gaba da cire wa yayanta bashin adashin gata da ya gama biya tun wata uku da suka wuce, tana tambaya wane ofis zai kai ƙorafi kuma da wace takarda.