Roba-Roba Mai Ƙarin Taya

Shan-inna ta same ni tun ban yi wayo ba, a ƙarshen shekarun 1970, ta bar ni da ƙafafun da ba sa ɗaukar jiki. Makarantar allo da firamare da rarrafe na yi su, silifas a hannu. Daga baya na samu keken guragu, irin wanda ake murzawa da hannu. Wanda bai taɓa murza shi daga Kurna zuwa Sabon Gari a zafin bazara ba, ba zai gane dalilin da ya sa na yi shekaru ina zubin adashi don in sayi babur ba. Kafin ka isa kasuwa kafaɗa ta mutu, hannu yana karkarwa, ga shi sana'ata gyaran rediyo ce, daga baya waya, aikin da ba ya son hannu mai rawa.

A 2008 na ɗauki adashina na sayi Jincheng roba-roba ta hannu. Da gangan na zaɓe ta. Ba ta da kulocin hannu, ana tayar da ita da maɓalli, kuma babu tanki a tsakiya, saboda haka ina iya ɗaga ƙafata da hannu in tsallakar da ita. Ƙanena, wanda a lokacin ɗan acaɓa ne, shi ya kai ta wajen mai walda. Mai waldar shi ma gurgu ne, yana zaune a kan katako yana yanka ƙarfe. A Kano wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa, wadda Aminu Ahmed Tudun Wada ya jagoranta, ta daɗe tana ƙera kekunan guragu tana koya wa matasa aikin.

Ya auna tsawon hannuna da igiya. Ya ɗaura wa babur ɗin ƙarfe a baya, ya sa taya ɗaya dama ɗaya hagu, ya bar ta asali a tsakiya domin ita ke ja. Giya da birkin baya, waɗanda da ƙafa ake taka su, ya yi musu dogayen sanduna suka iso gefen gwiwata. Ya kuma yi min wurin saƙala sanda. Da zai miƙo makulli ya ce, “Malam, kwana ita ce maƙiyarka. Rage wuta tun kafin ka shige ta.”

A filin wata firamare na koya, da yamma bayan yara sun tashi. Ƙanena ya ce bari ya nuna min. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ratsa cunkoson Kantin Kwari da fasinja, sai ga shi yana karkata jiki hagu, babur na tafiya miƙe abinsa zuwa gindin darbejiya. Babur mai taya biyu da jiki ake juya shi, wannan kuwa ba ya kwanciya, sai ka murɗa kansa da ƙarfin dantse. Ni da ban taɓa hawa babur ba, kuma na saba da kan keke, nan da nan hannuna ya faɗa. Ƙanena ya koma gefe yana cewa waldar ce ta karkace.

Mahaifiyarmu ba ta so ba. Ta tsaya a soro ta ce, “Kai da Allah ya jarrabe ka da ƙafa, yanzu hannun za ka kai titi?” Na ce, “Umma, hannun nake so in hutar.” Ta yi addu'a ta tofa, ta ce kada in yarda magariba ta same ni a waje.

Abin da ya fi tsaya min a rai daga makon farko zagi ne. A kan keke, in na tsaya a danja, sai in ga an jefo min kuɗi a cinya, ko da kuwa kayan aikina na gabana. Ranar nan wuta ta ba da hannu ina laluben giya, sai wani direban tasi ya leƙo ya daka min tsawa: “Kai mai mashin, matsa mana, titin gidanku ne?” Har na isa kasuwa ina dariya. A ganina gara wannan tsawar sau dubu da waccan sadakar, domin shi abokin hanya ya gani ya tare masa gaba.

Wahalarta kuwa ba a gaya maka ita a wajen walda. Roba-roba ba ta da giyar baya, in ka shige lungun da bai ɓulle ba, sai ka jira Allah ya kawo yaro ya ja ka. Faɗinta ya hana ka kutsawa tsakanin motoci yadda sauran babura ke yi. Mafi muni shi ne rami. In tayoyin gefe suka hau tudu, ta tsakiya sai ta rataye a iska, ka yi ta ba da wuta tana juyawa a banza. Wata damina haka ta faru da ni a tsakiyar ruwa, ya kawo har ƙafata, sai wasu almajirai ne suka tattare wanduna suka turo ni. Tun daga nan na haddace ramukan hanyata kamar karatun allo.

A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur cikin birni. Ƙanena ya rasa sana'a ya koma tuƙin A Daidaita Sahu. Ni kuma maiɗakina, wadda ta saba zama a bayana mu je gidan suna, ta koma shiga na haya ina bin su a baya.

Babur yana kai ka ƙofa ne kawai. Na sha tuƙi daga wannan gefen gari zuwa wancan, in tarar da matakala a bakin banki ko ofis, in sauka in rarrafa mutane na kawar da kai. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika. Wasu sun yi gangara mai kyau, wasu sun zuba siminti mai tsayin da ko mai ƙafa sai ya dafa bango.

A Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, kuma na yi murna, don 'ya'yana babu wanda ya tsallake ɗigon rigakafi, ko da surutun da aka yi kan rigakafin a 2003 bai gama fita daga kunnen mutane ba. Mu da ta riga ta taɓa kuwa muna nan, kuma mai muke sha. Da aka cire tallafi a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Maƙwabtana suka ajiye babura suka koma sayyada ko keke. Ni ba ni da wannan zaɓin, sai na rage zirga-zirga, na daina dawowa gida cin abincin rana, ziyarar dangi ta koma ranar Juma'a kaɗai. Tsohon keken ma na fito da shi daga bayan ɗaki, na kai an sa masa sabuwar sarƙa.