Rigar ko rigan?

A kasuwar Aboabo, kai har cikin gidajenmu na Zangon Tamale, "rigan Inna" yaranmu ke cewa, "motan Baba", wani lokaci ma "yarinya ya zo". 'Yar "r" ɗin nan ta ƙarshen kalma, mai nuna mace, kamar a hanyar Gwanja ta faɗi. Ni dai ban ga laifinsu ba. A Dagbanci "o" ɗaya ce ta namiji da mace, kuma cikinta suka tashi. Girkawa ma sun zubar da wasu ƙarshen kalmomin kakanninsu, ga su nan suna ta magana.

Amma fa 'yata Kano za a kai ta aure bayan Sallah, kuma na san bakin dangin miji. Shi ya sa kullum bayan isha'i muke bita: ƙofar gida, tukunyar miya, uwar miji.