Makamin Matan Japan da ke Gagarar Takobi

Yawancin masu sauka a filin jirgin saman Itami ba Itami suka nufa ba. Osaka ce a ransu ko Kiyoto, sai su ja jakunkunansu su faɗa mota, ko waiwayen garin ba sa yi. Ban ga laifinsu ba. Gari ne madaidaici a lardin Hyogo, ba wata doguwar hasumiya ko tsohuwar fada da za a tsaya ɗaukar hoto. Abu biyu aka san shi da su. Na farko giyar shinkafa da suka daɗe suna dafawa, wadda ba ruwana da ita. Na biyu wani makami da ake kira naginata, shi ne kuwa ya kai ni.

Naginata doguwar ƙota ce da aka dasa wa ruwan takobi mai lanƙwasa a kai, kaifinsa gefe ɗaya. Wanda ya taɓa ganin sandar da makiyaya ke ɗaura wa lauje da rani suna sassabo wa dabbobi ganyen gawo, ya kusa gane siffarta, sai dai ita wannan ba don reshe aka ƙera ta ba. Wadda ake wasa da ita yau ba ta da ƙarfe ko kaɗan. Ƙotar katako ce mai tauri, ruwan kuma tsagin gora biyu ne da aka haɗa aka lanƙwasa, aka naɗe mahaɗarsu da farin tef. Dokar gasa ta ce tsawonta ya kasance tsakanin santimita 210 da 225, nauyinta kuma kada ya gaza giram 650.

A Itami hedikwatar ƙungiyar naginata ta ƙasar Japan take, wadda aka kafa a 1955. A nan ne kuma Shubukan yake, zauren koyon faɗa da gidan Konishi, attajiran garin masu dafa giyar nan, suka assasa tun 1786. Har yau ana koyar da salon Tendo a cikinsa, salon da masu shi ke kai asalinsa 1582. Wato gidan da ya yi arziki da giya shi ne ya ɗauki nauyin makarantar horo fiye da shekara ɗari biyu, ikon Allah ke nan.

Abin da ya fara kama idona a zauren shi ne masu koyarwar. Na yi zaton zan tarar da ƙatti masu faffaɗan ƙirji, sai ga mata, wasunsu sun yi jika, cikin farar riga da buje mai duhu, ƙafa ba takalmi a kan daɓen katako. 'Yan mata 'yan makaranta na jere gabansu, da ɗaiɗaikun maza. Kowa ya shigo sai ya rusuna wa zauren, ya rusuna wa malama, ya rusuna wa abokin karawarsa. Da aka tashi, ɗaliban da kansu suka ɗauko tsummoki suka durƙusa suka goge daɓen tas, ba wanda ya ce musu uffan.

Wata dattijuwa ce ta fi riƙe ni, gajeruwa, da ƙyar kanta zai kai kafaɗata. Ba ta fuskantar abokiyar karawa da ƙirji kamar yadda mai takobi ke yi. A karkace take tsayawa, kafaɗa ɗaya gaba, hannuwa a ware a kan ƙota. Sirrin duka a hannuwan yake, domin ba sa zama wuri ɗaya. Takan zura ƙotar gaba ta cikin tafinta, makamin ya ƙara tsawo nan take, sa'an nan ta janye shi ya gajarce. Takan kuma musanya hannu a tsakiyar ƙota, na dama ya koma inda na hagu yake, ƙafa ma ta sauya tare da shi, sai saran da kake jira daga dama ya fito ta hagu. Akwai saran da take ɗaga makamin bisa kanta, ta juya shi ta bayan ƙeya ya zagayo ya sauka. Duk wannan ba gaggawa, ba haki. Shi ya sa safar hannun masu naginata ta bambanta da ta masu kendo, wato wasan takobin gora: an ware wa manuniya gidanta daban don a ji daɗin sarrafa ƙota.

Ta bakin mai yi mini tafinta na ce mata, "Malama, ƙarfin nan daga ina yake fitowa?" Ta yi dariya, ta dafa ƙugunta, ta nuna ƙafarta ta baya. Ta ce hannu rakiya kawai yake yi.

Wuraren da ake ci da su a gasa sanannu ne: kai, wuyan hannu, kwiɓi, sukar maƙogwaro, sai ƙwauri. Wannan na ƙarshen shi ne tambarin naginata, babu shi a kendo, don haka masu wasan ke ɗaura makarin ƙwauri na siraran tsagin gora. Taɓawa kawai ba ta isa ci ba. Dole sara ya sauka da gefen da ke matsayin kaifi, jiki a daidaice, mai saran kuma ya ambaci wurin da ya nufa da babbar murya, "Men!" in kai ne, "Sune!" in ƙwauri ne. Alƙalai uku ne, kowa da tuta ja da fara, filin murabba'i ne mai mita 12 kowane gefe, wanda ya riga cin biyu ya yi nasara.

Tambayar da ke bakin kowane baƙo ita ce, in aka haɗa ta da takobi wa zai ci? Mutanen Japan ba su bar wannan ga gardamar baki ba, suna da karawa ta musamman da ake haɗa mai naginata da mai kendo. Na kalli irinta a zauren wasanni na wata makaranta a Osaka. Saurayi ne dogo mai zafin nama, an ɗaura masa makarin ƙwaurin da bai saba da shi ba, gabansa kuma wata mata da ta girme shi nesa ba kusa ba. Takobin gorarsa bai wuce santimita 120 ba, kusan mita guda ke nan tsakanin makamansu. Kafin ya kai inda zai iya taɓa ta, dole ya ratsa wannan mitar, ita kuwa tun yana bakin iyaka ya riga ya shiga gonarta.

Ya tsaya yana auna ta. Ya ɗaga ƙafar dama zai tako, sai "Sune!", gora ta yi ƙara a ƙwaurinsa, tutoci uku suka tashi. Da aka koma, hankalinsa ya rabu biyu, ya ɗan sauke takobin don ya tsare ƙasa. Ta yi kamar ƙasan za ta sake nufa, ta musanya hannu, saran ya biyo ta sama ya sauka a kwalkwalinsa. Ba a cika minti biyu ba.

Dalilin a fili yake in ka lura. Mai takobi in zai sari ƙafa sai ya sunkuya, kansa ya fito fili. Mai naginata kuwa tana tsaye kyam take kaiwa ƙwauri, daga nan zuwa kai ɗan motsin hannu ne. Ga shi hannuwanta a ware suke, don haka ƙaramin ja daga na baya sai ya wulwula bakin makamin da gudu da nauyin da damtse kaɗai ba zai bayar ba. Wannan ne ya sa mace marar jiki ke iya tsare ƙato. Masu wasan suna da wani zance da suke yawan yi, wai kafin mai takobi ya kayar da mai dogon makami sai ya ninka shi gwaninta sau uku.

Amma kada a ce takobi bai da ranarsa. A karawa ta gaba wani magidanci mai natsuwa ya nuna yadda ake yi. Bai ja da baya ba ko taki ɗaya. Ya jira sara ya taso, ya ɗage ƙafa ya wuce, kafin mai naginatar ta dawo da makamin ya afka ciki kamar an harbo shi, ya sauke mata a kai. In mai takobi ya tsallake ruwan naginata ya iso jiki, tsawon nan ya zama kaya. Ko da yake nan ma ba a gama ba, don gindin ƙotar makami ne shi ma, a ta yaƙi ƙarfe ake sa masa, ana suka da shi ana tarewa. Miyamoto Musashi, shahararren mai takobin nan da ya rasu a 1645, ya rubuta ra'ayinsa a kan haka: a wurinsa naginata da mashi kayan fili ne, ba su da amfani sosai a matsattsen wuri, kuma a fagen fama mashi ya ɗara naginata.

Tarihi ya bi bayansa a wannan. Naginata ta yi tashe ne a ƙarshen zamanin Heian, musamman a yaƙin Genpei na 1180 zuwa 1185, lokacin da dakaru ke sare ƙafafun dawaki da ita su kayar da barade. Mayaƙan gidajen ibadar Buda ma sun shahara da ita, har yau in an zana Benkei, ƙaton nan da almara ta ce ya tare gadar Gojo a Kiyoto yana ƙwace takubban masu wucewa, da naginata ake zana shi. Sai yaƙi ya sauya. Aka koma tara dubban dakaru kafaɗa da kafaɗa, makamin da ke bukatar fili don a wulwula shi kuwa ba ya zama a sahu, sai ka sare na kusa da kai. Mashi ya karɓe wurin. A 1543 Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima da bindiga. Naginata da yawa aka cire ruwansu aka rage aka mai da su takubba.

Shi kansa takobin, sunansa ya fi aikinsa a fagen yaƙi. Masanin tarihi Thomas Conlan ya bi takardun da mayaƙan ƙarni na 14 ke rubutawa suna lissafa raunukansu don neman lada, ya tarar mafi yawansu na kibiya ne. Mu ma mun san haka a namu tarihin, a Tabkin Kwatto a 1804 'yan baka ne a ƙasa suka karya dawakin Gobir. Abin da ya ɗaukaka takobi shi ne kullum yana ƙugu. Ana shiga kasuwa da shi, ana zama da shi, a zamanin Edo kuma, daga 1603 zuwa 1868, rataya takubba biyu ita ce shaidar cewa mutum samurai ne, har sai da gwamnati ta hana yawo da su a 1876. Ba wanda zai iya yawo da ƙota mai mita biyu a cikin gari.

To, da maza suka ajiye ta, sai mata suka ɗauka, nan ne kuma labarin ya fi burge ni. A gidajen samurai naginata ta shiga cikin kayan da amarya ke tafiya da su gidan miji, ana koya wa 'ya'ya mata ita don tsare gida in maigida ba ya nan, da kuma horon jiki da hali. Ba ado kawai ba ne. A yaƙin Aizu na 1868, wata budurwa mai suna Nakano Takeko ta jagoranci wasu mata suka fita da naginata suka tunkari sojojin sarki masu bindigogi. Harsashi ya same ta, ta roƙi ƙanwarta ta cire kanta don kada abokan gaba su tafi da shi, aka binne shi a gidan ibada na Hokai. Daga baya makamin ya shiga makarantun 'yan mata. Bayan 1945 sojojin mamaya na Amurka suka hana koyar da wasannin faɗa na wasu shekaru, da aka sake kuma malaman salo daban-daban, galibinsu mata, suka zauna suka fitar da tsari guda da ake bi yanzu. A 1990 aka kafa ƙungiyar duniya, a 1995 aka yi gasar duniya ta farko a Tokiyo. Abin dariya, a Turai da Amurka maza sun cika wasan, a Japan kuwa har gobe mata ne suka fi yawa.

Ba su yar da tsohon don sabon ya zo ba. Bayan gasar sara akwai ta nuni, inda mutum biyu ba sulke ke gabatar da jerin sara da tarewa da aka tsara, alƙalai na duba tsayuwa da tazara da haɗin numfashi. A Kiyoto kuma, ranar 17 ga Yuli ta kowace shekara, doguwar karusar da ke buɗe jerin gwanon bikin Gion naginata ce a ƙololuwarta, ba ta shiga ƙuri'ar da ake yi wa sauran, gaba nata ne.

In ni za a tambaya, a buɗaɗɗen fili, mutum biyu masu gwaninta ɗaya, mai naginata zan bi. A cikin ɗaki ko lungu, ko inda faɗa ya zo ba shiri, takobi ne. Wanda hanya ta kai shi Osaka, Itami ba nisa a jirgin ƙasa, a watan Maris kuma ake gasar zaɓaɓɓun 'yan sakandare na ƙasar a garin. In zaure za ka shiga, ka nemi izini tukuna, ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, kada kuma ka tsallake makamin da ka gani ajiye a ƙasa, suna ɗaukar hakan raini ne.