Kowane Obin da Halinsa

Ku matso, ƙawayena, tunda babu baƙuwa a cikinmu, yau maganar obin za mu yi. Gidaje nawa aka kai amarya da kuka mai obin, ake ta girki a sama shekara da shekaru, ƙasan kuwa ya koma ma'ajiyar tukwane? Ba ƙyuya ba ce. An gwada kek sau ɗaya, gindi ya ƙone, tsakiya ɗanye, aka yi zuciya aka rufe ƙofa. Abin yana damuna ƙwarai, don sau da yawa kwaɓin lafiyarsa ƙalau, obin ɗin ne ba a san halinsa ba.

Lambar da ke jikin makunni ba lallai ita ce zafin da ke ciki ba. Ki murɗa zuwa 180, ciki ya wuce haka ko ya kasa. Wasu kukokin gas ɗin ma lambobinsu daga 1 zuwa 9 suke, irin na Ingila, inda 4 ke nufin digiri 180, 6 kuma 200. In kin ga girkin 'yan Amurka an ce 350, kada ki firgita, ma'auninsu daban ne, wajen 180 ke nan a namu. Mai hali ta sayi ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki, ba shi da tsada, kuma shi ba ya ɓoye gaskiya. Wadda obin ɗinta na lantarki ne mai fanka, ta rage digiri 20 daga abin da aka rubuta.

Ga wata dabara, Amarya, ke da naki yake sabo fil. Ki bari ya yi zafi, ki jera yankan burodi su cika faranti, ki sa a tsakiya na 'yan mintuna. Inda ya riga yin ja, nan wuta ta fi ƙarfi. Daga ranar kin san ɓangaren da za ki riƙa juyawa.

Shi kuwa zafin farko, don Allah kada a yi masa gaggawa. Ku dubi masu gurasa a Jakara, cikin birnin Kano: ba sa manna kwaɓi sai itace ya zama garwashi, jikin tanderu ya ɗau zafi sosai. Obin ma haka yake so, a ba shi minti 15 ko 20 kafin a sa komai. Bakar hoda tana fara aiki ne tun daga lokacin da ta haɗu da ruwa, zafi kuma ya ƙarasa mata. In kwaɓi ya shiga wuri mai ɗumi-ɗumi, bota ta narke, iskar ta tsere kafin jikin kek ya kama, sai ki fito da abu mai nauyi, danƙararre. In kina shakkar hodar, ki zuba rabin cokali a ruwan zafi. In ba ta yi kumfa nan take ba, ta mutu.

Yaya, na san abin da za ki ce, naki kullum ƙasa yake ƙonawa. Halin obin ɗin gas ke nan, wutarsa daga ƙasa take. Ki ɗaga gwangwanin zuwa tsakiya, ki sa wani faranti mai yashi wankakke ko gishiri a matakin ƙasa, amma kada ki toshe ramukan da zafi ke fitowa. Iyayenmu da suke gasa kek a tukunya da yashi sun san wannan: yashin yana tare kaifin wuta, ya riƙa sakin zafi a hankali. Baƙin gwangwani ma ya fi fari saurin ƙona gindi. Sannan leƙe! Minti 20 na farko ki ɗaure hannunki, kada ki buɗe ƙofa, iska mai sanyi na shiga tsakiyar kek zai lotsa. Ko wuta aka ɗauke miki ana cikin gashi, barin ƙofar a rufe ya fi, zafin da ke ciki zai ɗan riƙe.

Ku masu gas, wannan ba wasa ba ce: a buɗe ƙofa, a kyasta ashana tukuna, sannan a murɗa. In an ji warin gas, a kashe, a buɗe taga, a jira.

To, mu zo kan nama, inda maigida yake kasa kunne. Kaza ba ta yin ja in jikinta da lema, turara kawai take yi. Ki tsane ta da kyau, ki shafa gishiri, tafarnuwa, citta da ɗan mai, ta kwana a firiji in da hali. Kada ki cunkushe faranti, ki bar fili tsakanin yanka da yanka. Digiri 200 ya yi mata. Kafin ki sauke ki soki cinya kusa da ƙashi: ruwan ya fito garau ba ja, mai ma'auni kuma ta ga 75. Kazar Hausa tana da tauri, ita kam ki rufe ta da foyil da ɗan ruwa a wuta kaɗan har ta yi laushi, sannan ki buɗe ki ƙara wuta ta yi kala. Cinyar ragon layya ma haka. Da kin fitar, ki bar naman ya huta minti 10, in ba haka ba romonsa a kan katako zai tsiyaye.

Tsire kuwa wutar sama yake so, kusa-kusa, kina tsaye a kansa. Ki yanka naman siriri, ki jiƙa tsinkayen a ruwa don kada su kama da wuta. Ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci, don haka ki raba yajinki biyu: kaɗan kafin gashi tare da man gyaɗa, sauran ki barbaɗa da zafinsa bayan ya fito, ki yanka albasa da tumatir a kai.