Daga Tasawa zuwa Mayahi: ɗakin amarya da kabar gulbi

Duk matafiyin da ya bar Maraɗi ya nufi Damagaram bisa babbar hanyar ƙasa, bayan tafiyar kilomita wajen 120 zai iske Tasawa, tsohon gari mai sarauta, wanda tun zamanin sarakunan Katsina ayarin fatake ke yada zango cikinsa. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutane suka sani da sunan Abdulkarim, ya sauka garin kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Gabas da garin kaɗan, a Maijirgi, akwai kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu da suka ƙone garuruwa a 1899 kafin sojojinsu su juya musu baya. Wannan shi ne abin da littattafai suka riƙe. Amma mai son ya san ƙasar Tasawa da Mayahi yadda mutanenta suka san ta, to ya zo da kaka, lokacin da aka ɗaure damman hatsi, aka cika rumbuna, ganguna suka fara tashi daga gari zuwa gari. Kaka ita ce lokacin aure.

Arewa maso yamma da Tasawa ƙasa ta zama rairayi, gonakin hatsi da wake sun miƙe iyakar ganin ido, ga gawo tsaye jefi-jefi cikinsu. Can sai hanya ta gangara cikin Gulbin Kaba, wani tsohon kwari wanda ya taso daga Nijeriya, ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, sa'an nan ya karkata yamma. Sunan gulbi gare shi, amma a nan ruwa ba ya gudu cikinsa sai nadiran. Arzikinsa goruba ce. Daga ganyen ƙananan goruba ake samun kaba, daga kaba kuwa ake samun tabarma, da faifai, da igiya, da kwando. Ko kalmar lefe, wadda yau take nufin akwatunan tufafi da ango ke kai wa amarya, asalinta sunan wani kwando ne na kaba da ake zuba kayan a ciki. Ƴan birni sun koma cewa baliz, amma tushen abin yana nan cikin gulbi.

A ƙauyukan bakin gulbi, shirin auren ɗiya ba ya farawa ranar da aka kawo goron tambaya. Yana farawa tun yarinya ba ta iya ɗaukar tulu ba. Uwa ce ke da nauyin kayan ɗaki, kuma ba wanda zai rage mata aikin gida don tana wannan shiri. Da asuba daka, da hantsi rijiya, rijiyoyin Mayahi kuwa zurfi gare su, sai an haɗa hannu ko an sa dabba ta ja guga. Da damina tana da gandun mai gida, tana kuma da gamanarta, ƴar gonar da take nomawa don kanta, inda take zuba gujiya ko riɗi ko yakuwa. Sai rana ta karya, an sauke tukunya, kana ta zauna inuwar zana, ta jawo kabar da ta jiƙa, ta ci gaba da saƙa daga inda ta tsaya jiya. Wadda ta rina da karan dafi tana ba da ja, ita ake ratsawa cikin fara don ado. Ɗiyar tana gefe tana koyo, in ta karkace uwar ta ce: «Ke, warware, ba a kai wannan gidan miji.» Ita kuwa ta ce: «To, Inna,» ta sake.

Tabarmar nan hanya biyu take bi. Mai kyau a naɗe ta a ajiye don ɗakin amarya. Saura a kai kasuwa, ƴan kuɗin su shiga adashi, ko asusun Mata Masu Dubara, tsarin ajiya da rance da ƙungiyar CARE ta soma da matan jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka. In aka fasa asusu sai a sayi ƴar akuya, jar akuyar nan ta Maraɗi mai yawan haihuwa, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Akuya ta haihu, a sayar da ɗan bunsuru, a sayi kwano biyu a ɓoye ƙarƙashin gado. Haka nan, shekara bisa shekara, kaba ke zama akuya, akuya ke zama kwano, har ranar da za a fito da su a ƙirga gaban dangi.

Ɗakin amarya kansa ya canza kama. A zamanin kakanni ƙorai ake jerawa, fararen ƙorai masu sassaƙa, an rataye su cikin ragaya, ga gadon kara da tabarmi. Daga baya kwanonin sha da langa masu fenti suka shigo daga masana'antun Nijeriya, aka riƙa manna su ga bango tun daga ƙasa har rufi. Sa'an nan gadon ƙarfe ya zo, bayansa gadon katako da katifa da kabad mai gilashi. Kowane sabon yayi ya fi na baya tsada, kuma kusan dukansa daga kudu yake fitowa, ta Katsina da Kano. Shi ya sa abin da ya faru ga kuɗi ko ga iyaka yakan iske uwar amarya har tsakar gidanta. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan da ake shigowa da su daga Turai sun yi tsalle. Da Nijeriya ta rufe iyakarta a 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 2023, ƴan kasuwar Tasawa sun san abin da ya sami cinikinsu.

Akwai kuma biki, wanda baƙo zai ɗauka kyauta ce kawai, alhali lissafi ne mai tsanani. Abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar suna ko aure, ana riƙe da shi a ka, kuma al'ada ita ce a mayar da shi da ƙari, sau da yawa ninki. Wadda ta yi shekara goma tana zuwa bikin mutane, ranar auren ɗiyarta take girbe abin da ta shuka. Wadda ta kasa mayarwa kuwa, kunya ce da ba ta wankuwa da sauri. Bayan an sa lalle, an ɗaura aure, an kai amarya, ga gara tana jira: hatsi, da mai, da kayan miya, waɗanda dangin amarya ke kai wa gidan ango. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta yi ƙoƙarin taƙaita kashe kuɗi wajen aure, amma doka ba ta iya shiga tsakanin uwa da idon kishiyoyin ɗiyarta ba. A wurin uwar, kayan nan ba alfahari ba ne kurum. Su ne dukiyar da ɗiyar ta mallaka da sunanta, wadda za ta iya sayarwa ranar ciwo ko ranar yunwa, kamar yadda mata da yawa suka yi a 2005.

Sai dai da sauran rina a kaba. Gidan da ya buɗe rumbu da kaka don ya fita kunyar biki, shi ne yake sayen hatsi da tsada in damina ta kama, ko mai gida ya tafi cin rani ya bar mata da yara. Goruba ita ma tana kuka: in ana yanke kaba tun tana ƙarama, ba ta samun sukunin zama itace, ga gonaki suna ta matse gulbi saboda yawan jama'a. Abu na uku ya fi nauyi. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa ƴan mata 76 cikin 100 a Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, jihar Maraɗi kuwa tana cikin na gaba. Ɗiyar da aka fitar daga lakol don kwanoninta sun cika, ta shiga ɗaki mai ƙyalli, amma ba ta iya karanta takardar likita ba.

Wannan magana ta shafi ɗan kasuwar da ke ba da kwano bashi har kaka, ta shafi ma'aikacin da dangi ke jiran albashinsa duk lokacin da aka sa rana a ƙauye. Da la'asar, in motocin kasuwa suka ɗaga daga Mayahi, za a ga naɗin tabarmi ɗaure bisa kai sun nufi kudu, matan da suka saƙa su kuwa suna komawa gida a ƙasa, kowacce da ƴar tasa sabuwa ƙunshe a gefen zane. Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa kabar ta isa har jikoki.