Wai "Sai Likita"

Mu a nan Sabo mun sha ji: yaro na jijjiga cikin dare, a kai shi asibiti, nas ta matso, iyaye su ce "sai likita!" Alhali ita ke fara duba numfashinsa da zafin jikinsa, ta gane yaron da ba zai iya jira ba. A Ingila ma, tun 2017 suka fitar da tsari: gogaggiyar nas ta ƙara karatu har digiri na biyu, ta duba yara a sashen gaggawa, ta tura gwaji, ta rubuta magani. To, mu bar gardama. A gaya mata yaushe zazzaɓin ya fara da abin da aka ba shi a gida, har jiƙo da rubutu.